Hannu Bakwai a Bayan Ƙofar Wakili

Ni ce Ladi, jikar Kande. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Duk wanda ya tambaye ni ina nake ajiye labarai tun da ba ni da takarda, sai in ja kunnena in ce masa abin da aka ajiye a nan gara ba ta ci. Na daɗe ina wannan kuri, a gidan biki, a gidan makoki, a taron zumuntar mata. Bara ne bakina ya mutu, kuma a ƙofar gidan Wakili ya mutu. Amma bari in faro daga murhun kakata, don a can abin ya soma.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tafiyar safiya ɗaya ce a ƙafa zuwa Kafanchan. A wancan zamani in iska ta juyo har kukan jirgin ƙasa muke ji. Lokacin tatsuniya shi ne bayan an gama tonon citta an baza ta a kan falalen dutse, jiki ya huta, ƙamshinta ya cika gari. Da kaji sun shiga akurki, an ci tuwon acca an wanke hannu, sai Kaka Kande ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu ta tura gwaza cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: in gwaza ya nuna, tatsuniya ta ƙare, kuma wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo. Da yarenmu take ba da labari, sai waƙar ciki ce wani sa'i take yi da Hausarta ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ƙaramin yatsanta na dama guntu ne, lauje ya cire kansa tun tana budurwa wajen yankan acca. Da wannan guntun take nuna mai surutu.

Daga inda muke zama ana hangen rufin gidan Wakili yana riƙe da sauran hasken yamma. Shi kaɗai ne rufin kwano a duk ƙasarmu. Wakili sunansa Malam Bitrus, malamin makarantar mishan ne, shi ne mutum na farko daga ɓangarenmu da ya je majalisa a Kaduna zamanin siyasar farko. Ba mai kiran sunansa, Wakili kawai. Mu yara muna son kallon rufin nan. Kaka kuwa kullum baya take ba shi, ko da hayaƙi zai bi ta fuskarta.

Takan ce, "Ku ara mini kunnuwanku."

Mu ce, "Mun ara miki, ki mayar mana da su cike."

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa, ni kuma na fi ƙin ta, ta gara da Damo. Wai gara suka gaji da ruwan sama yana kwashe su, suka ce gini za su yi. Ba su da fartanya, ba su da tulu. Da yawun bakinsu suke kwaɓa ƙasa, ƙwaya bayan ƙwaya, har suka tayar da suri wanda ya fi barewa tsawo. Ana nan sai ga Damo yana jan ciki. Ya ce musu, "Ku ba ido, ba murya. In namun daji sun yi taro a gindin tsamiya, wa ke kai kukanku? Giwa tana taka ku, dabgi yana lashe ku. Ku ba ni ɗaki in zama bakinku." Gara suka ga gaskiya ne. Suka faɗaɗa masa ɗaki, suka goge masa ƙasan sumul. Damo ya je taro ya yi magana, har giwa ta sauya hanya. Kaka ba ta taɓa tsallake wannan wurin ba. Sai ta ɗaga guntun yatsan ta ce, "Ya yi magana fa. Kada in ji wani ya ce bai yi ba."

To amma tun daga nan, in zomo zai yi wa baƙo kwatance sai ya ce, ka bi ta gidan Damo. Kurege ma ya ce gidan Damo. Rannan wata tsohuwar gara ta biyo ta ƙofar gaba, Damo ya ce mata ta zaga ta ramin baya, yana da baƙi. Damo ya tsufa ya mutu, 'ya'yansa suka watse cikin daji, amma sunan bai tashi ba. Har yau gidan Damo ake cewa.

Sai mu ce, "Kaka, gara fa? Me suka yi?"

Ta ce, "Me za su yi? Bakinsu cike da ƙasa." Ta sa itace ta tono gwaza. "Ga kunnuwanku nan, kowa ya ɗauki nasa."

Ni abin haushi yake ba ni, tatsuniyar da ba a doki kowa ba, ba a kori kowa ba. Wata rana na ce, da ni ce gara da na cinye masa ƙofa. Kaka ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce, "Ke bakinki ba ƙasa, shi ya sa kullum yake a buɗe. Bari mu ga abin da za ki yi da shi."

Na kai ɗaukar ƙaramin tulu sa'ad da Kaka ta kai ni gidan Wakili. Da rana ce, Wakili ya tafi Kaduna, mai dafa masa abinci kuma 'yar ƙanwar Kaka ce, ta shigar da mu ta baya. Kaka ba ta kalli kujerun falo ba, ba ta kalli agogon bango ba. Ta wuce kai tsaye ta jawo ƙyauren ƙofar gaba, ta ce in tsuguna. A lungun nan na bayan ƙofa, a jikin daɓe, ga tafin hannu guda bakwai a jere, kamar jiya aka danna su. Na uku daga bango ƙaramin yatsansa guntu ne.

A nan ta ba ni labarin ginin. Da aka zaɓi Malam Bitrus, dattawa suka ce ba zai yiwu mutuminmu ya karɓi manyan baƙi a ɗakin ciyawa ba, kunyarsa kunyarmu ce. Aka kira gayya. Maza suka buga tubali. Kwano ya zo ta jirgi zuwa Kafanchan, aka ɗauko shi a ka har gindin dutsenmu. Mata suka yi ta jigilar ruwa daga rafi har wuyansu ya sanƙare. Da aka zo daɓe, sai Delu mai daddawa, Bahaushiya ce Musulma daga kasuwa, ƙawar Kaka, ta ce irin namu na ƙasa zalla ba zai dace da gidan kwano ba. Ita ta koya musu makuba, a jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi ja, a riƙa yayyafawa ana duka. Kwana uku mata bakwai suna durƙushe da madaɓi, suna waƙa, har ƙasan ya yi ƙyalli ya yi tauri kamar dutse. Al'adarmu ce tun kakanni, in mata sun gama daɓen sabon ɗaki, kafin ya bushe kowace ta danna tafinta a bayan ƙofa. Ma'anarsa, mu muka yi, da zuciya ɗaya muka yi, wanda ya kwana a nan ya kwana lafiya. Delu ta ga abin ya ba ta sha'awa, ita ma ta yi bisimilla ta danna nata.

Kaka ta ce, "Wakili yana sa hannu a takarda can Kaduna. Mu a nan muka sa namu."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da guntun yatsan tana kiran suna, ni ina maimaitawa. Ta nuna mini na doguwar da ke ba da waƙa, yatsu zara-zara. Ta nuna mini wanda ya fi zurfi, na wata mai tsohon ciki da ta kasa tashi sai da ta dogara da shi. Na sa hannuna cikin na Kaka, ya yi iyo a ciki. Ta ce, "Ki riƙe sunayen nan." Na ce na riƙe.

Sai a hanyar gida ta faɗa mini sauran. Bayan an buɗe gida, da damina, ta ɗauki ƙwaryar acca za ta kai wa Wakili gaisuwa. Ta tarar da shi a baranda da baƙi masu takalma. Wannan yaro ne da ta goya wata shida lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Ya dubi ƙafarta da laka, ya ce, "Mama, zaga ta baya, kada ki ɓata ƙasan." Kaka ta ce mini, "Ba korar ce ta fi ci mini rai ba. Da Hausa ya faɗa. Da ya faɗa da yare, da tsakanina da shi ne. Da Hausa ya faɗa don baƙi su ji." Ta ajiye ƙwaryar a bakin baranda ta juya. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar gaban ba.

Ni ma ba zan tsallake wurin da Kaka ba ta tsallakewa ba. Wakili ya yi magana. Shi ya kawo mana gada, aka daina rasa mutane a rafi da damina. Shi ya kawo ɗakin shan magani inda na haifi 'yata ta fari, Rifkatu. Da soja suka karɓi mulki ya dawo gida ya zauna shiru, yana noma kamar kowa, har ya mutu. 'Ya'yansa suka watse birni. Iska ta yaye rabin kwanon, jemagu suka shiga, awaki suka mayar da falo wurin kwana. Da farko nakan leƙa in share lungun nan, in taɓa hannayen ina kiran sunayen kamar yadda aka koya mini. Da aka fara ganin macizai a ciki, gwiwata kuma ta fara ciwo, sai na daina. Shekaru suka yi ta wucewa. Ban damu ba, ai sunayen suna kunnena.

Shekaru biyu da suka wuce sai ga motoci. Jikan Wakili ne, Barista Filibus, daga Abuja, wai zai gyara gidan ya zama gidan tarihi. Kowa ya san kujerar siyasa yake nema, amma ni na yi murna. Ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni da yaren da ya karye a bakinsa, ya ce an gaya masa ba wanda ya kai ni sanin labarin gidan, yana so ranar buɗewa in yi magana. Na ce na yarda, amma abu ɗaya: a bayan ƙofar falo akwai hannaye, a bar su yadda suke.

Ya ce, "Ba matsala, Mama." Idonsa yana kan waya.

Aka fara aiki. Aka sa sabon kwano kalar na dā, aka nemo kafinta ya sassaƙa tagogi irin na dā, har agogon bangon da ya mutu aka kai Kaduna aka tayar da shi. Ba zan ce ba su yi ƙoƙari ba. A tsakiyar aikin gwiwata ta tashi, Rifkatu ta kwashe ni zuwa Zonkwa na yi sati uku. Ranar da na dawo, ko kaya ban ajiye ba na ce mai mashin ya sauke ni a gidan Wakili. Na shiga ta ƙofar gaba. Ƙasan falo fari fat, tayil daga bango zuwa bango, har ina ganin fuskata a ciki. Na jawo ƙyaure. Tayil.

Birkilan yana gefe yana wanke cokalin gininsa. Na ce, "Ɗana, hannayen da ke nan fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mama, an ce mu fasa. Oga ya zo da wani fasto daga Abuja, suka ce tsafi ne aka binne wa gidan. Sun yi addu'a, sun zuba mai, sannan aka ce mu sa diga. Wallahi da ƙyar ya fasu. Ban taɓa ganin daɓe mai tauri haka ba."

Na jira Barista har ya zo da yamma. Ya ce, "Mama, ki gane, mu yanzu 'ya'yan haske ne. Fasto ya ga wahayi, ya ce wannan bagadin duhu ne, shi ya sa danginmu ba sa ci gaba."

Na ce, "Ba sa ci gaba, ka zo da mota huɗu?"

Ya yi 'yar dariya.

Na ce, "Uku cikin masu hannun nan, da kansu suka ɗauko duwatsun majami'ar da aka yi wa ubanka baftisma. Ɗaya da sallarta ta mutu. Kakanka ya kwana a kan hannun nan har ya yi furfura, wane duhu ya gani? Sa hannu ne, ɗan nan. Kai da ka yi boko har ka ƙure shi, ba ka san sa hannu ba in ka gani? Kuma ai na gaya maka."

Ya ce, "Kin gaya mini, Mama, na manta ne. An riga an yi. Kada wannan ya hana ki zuwa ranar buɗewa."

An zubar da ɓaraguzan a kwazazzabon bayan gida. Safiya biyu ina can ina tono da sandata, mata masu zuwa gona suna tsammanin hankalina ya taɓu. Yawanci ya zama gari. A rana ta biyu na juya wani guntu mai faɗin faifai ƙarami, sai ga rabin tafi da yatsu uku, na ƙarshen guntu. Na zauna a ƙasa a wurin. Ban yi kuka ba. Na naɗe shi a gefen zanena na tafi gida.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka kawo lasifika, 'yan rawa suka zo da ƙaho da ganga. An manna wani allon dutse a jikin bango, aka yaye ƙyallen da ya rufe shi ana tafi. Na ce wa Rifkatu ta karanta mini. Ta kau da kai. Na zungure ta. Ta ce, "Mama, an rubuta wai wannan gida Wakili ya gina shi da hannunsa."

Na ce, "Da hannunsa."

Ta ce, "Salon magana ne kawai, Mama. Don Allah kada ki tayar da rigima."

Aka kira ni, mai gabatarwa ya ce ga uwarmu, rumbun tarihi, minti biyar. Na karɓi abin maganar. Na ce su ara mini kunnuwansu, tsofaffi biyu ko uku suka amsa. Na ba su gara da Damo tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Suka yi dariya a wurin jan cikin Damo, suka tafa. Barista ma ya tafa. Sai na kwance gefen zanena na ɗaga guntun daɓen sama, na ce ga hannun da ya gina gidan nan, kuma su bakwai ne, yau kowa zai ji sunansu.

Na ce Tani. Na ce Zugwai. Na ce Kande, kakata. Na ce Delu mai daddawa. Na ce Saraya.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Ina ganin hannun doguwar nan mai ba da waƙa. Ina ganin mai zurfin nan na mai ciki. Na san inda kowanne yake daga bango. Suna ne babu. Ashe duk rayuwata ban taɓa kiran su a tsaye ba, sai a tsugune, yatsana yana cikin tafin, shi ke jawo sunan. An fasa tafin, sunan ya bi shi. Na dubi taron na ce, "Jama'a, wa ya san doguwar da ke ba da waƙar daɓe? Wa kakarsa ta yi daɓen nan da ciki?" Aka yi ta kallon juna. Wataƙila jikokinsu suna zaune a wurin da faranti a cinya. Mai gabatarwa ya zare abin maganar daga hannuna a hankali ya ce a tafa wa Mama, tsufa ba wasa ba. Aka tafa. Aka shiga rabon shinkafa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan a kan Damo take. Da na girma na ce a'a, tausayin gara Kaka take ji. Yanzu da nake zaune a kujerar da ta bari, ina ganin ba ko ɗaya. Gara suna da uzuri, bakinsu cike da ƙasa. Ni aka ce bakina ba ƙasa, aka ce bari a ga abin da zan yi da shi. Me na yi da shi? Na ba da labarin kura da zomo a kowane biki, na yi kirarin Wakili a ranar jana'izarsa har mutane suka yi kuka. Sunaye bakwai kuwa na rufe su a kunnena kamar kayan gado, ban taɓa faɗar su a bainar jama'a ba lokacin da masu gyara mini suke da rai, don kada gidan Wakili su ce Ladi ta yi musu habaici. Barista ya fasa da diga, ina jin haushinsa, kuma zan mutu da haushinsa. Amma shi rana ɗaya ya yi nasa, ni kuwa shekaru na yi ina nawa.

Har yanzu in mai mashin ya tambayi inda zai sauke ni, gidan Wakili nake ce masa, don in na ce wani abu ba zai gane ba.

Guntun daɓen yana nan gefen murhuna. Da yamma in na tura gwaza cikin toka nakan ɗora hannuna a kai. Yanzu ya yi daidai, sai ƙaramin yatsana da ke zarcewa kaɗan. In lissafa: Tani, Zugwai, Kande, Delu, Saraya. Yatsun hannu ɗaya sun ishe su. In tsaya in saurara ko sauran biyun za su zo, har gwaza ya nuna.

Ban ƙara jan kunnena a gaban kowa ba. Gara tana ci.